Gwaggo, mako uku rabona da lacca, kuma gida ba su sani ba

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni ɗalibi ne ɗan shekara 22, ina aji uku a wata jami'a a nan Sakkwato. Mu mutanen gabashin jihar nan ne, kuma ni ne na farko da ya taɓa shiga jami'a a gidanmu. Shekarar da aka ba ni gurbi, Baba ya sayar da bijimin nomansa ya biya mini rajista. Bara 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu, yanzu iyayena da ƙannena suna raɓe a gidan wani kawuna.

Tun bayan babbar Sallah na rasa gane kaina, wata huɗu ke nan. Barci ba ya ɗaukata sai wajen ƙarfe biyu, in farka tun kafin assalatu, in kasa komawa. Abinci ba ya yi mini daɗi, wandunana duk sun yi mini yawa. Sai in buɗe handawut in karanta layi ɗaya sau goma, babu abin da ke zama. Ƙwallon da nake so kamar raina, yanzu ko kallo ba na zuwa. Mako uku rabona da lacca. Kwas biyu na faɗi a zangon da ya wuce, ni da ban taɓa faɗuwa ba. Sau biyu ana ba ni maganin zazzaɓi da na taifot a kemis, babu canji. Abokin ɗakina ya ce lalaci ne. Wani ustazu a masallacinmu ya ce raunin imani ne, in ƙara azkar. Ina sallah Gwaggo, amma ko a cikin sallar ba na jin komai, kuma wannan ya fi komai tsorata ni. Wani ya ba ni ƙwaya ya ce tana sa kuzari, na sha sau uku. In Inna ta kira ta ce "kana lahiya?" sai in ce "lahiya lau." Baba kuwa kullum maganarsa ɗaya: "kai na idonmu." Wani lokaci da dare nakan ce da ma in kwanta kada in tashi, kowa ya huta. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Hauka ce ke son kama ni, ko sammu aka yi mini? Don Allah a sakaya sunana.

Wa'alaikumus salamu, ɗana.

Zan fara daga gindin wasiƙarka, daga maganar da ka ajiye can ƙarshe kamar mai jin nauyin furta ta. Ka ce da ma ka kwanta kada ka tashi. Madalla da ka faɗa, Allah ya yi maka albarka da ka faɗa. Wannan tunani yana zuwa wa mutane da yawa da ke cikin irin halinka, kuma yana cikin alamomin ciwon, kamar yadda rawar sanyi take cikin alamomin masassara. Amma ba a wasa da shi. In har ya wuce "da ma" ya koma tunanin yadda za ka yi, ko yaushe za ka yi, ko ka ga ka fara tanadin wani abu, to kada ka jira gari ya waye. Ka tashi abokin ɗakinka ko da ƙarfe uku ne na dare, ka ce masa ka tsorata da kanka, ya raka ka sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Gawon Nama, ko asibiti mafi kusa da ku. Sauran ƙwayar da aka ba ka, da duk wani ragowar magani da ke cikin akwatinka, ka miƙa wa wani tun yau. Kada kuma ka riƙa kwana kai kaɗai a ɗaki a 'yan kwanakin nan.

Sannan wannan "kowa ya huta" ɗin, ina so ka dube ta da kyau. Wace ce za ta huta? Inna, wadda ta baro ɗakinta da rumbunta da tukwanenta ta zo tana raɓe a gidan wani? Matar da ta rasa gida, abin da ya rage mata a duniya shi ne 'ya'yanta. Ciwon nan haka yake yi wa mutum, ya riƙa raɗa masa cewa shi kaya ne a wuyan mutane. Duk wanda na sani da ya warke, in ka tuna masa irin maganganun da zuciyarsa ta riƙa yi masa a lokacin, mamakin kansa yake yi.

Yanzu ga amsar tambayarka. Abin da ka zayyana, likitoci suna kiransa ciwon damuwa. Likita ne zai duba ka ya tabbatar, domin ba a yanke wa mutum ciwo ta wasiƙa, amma ka jero alamominsa kusan ɗaya bayan ɗaya: ƙuncin rai, mutuwar sha'awar abin da kake so a da, lalacewar barci musamman farkawa tun da sauran dare, rashin cin abinci da rama, kasa tattara hankali, ganin kanka ba ka da amfani, da tunanin mutuwa. Ma'aunin da likitoci ke bi shi ne alamomin su riƙe mutum mafi yawan yini, kusan kullum, aƙalla mako biyu. Kai wata huɗu kake ɗauke da su. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 280 ne ke fama da shi a duniya, kuma shekarun da kake ciki, daga ƙarshen samartaka zuwa ashirin da 'yan kai, suna cikin lokutan da ya fi fara bayyana. A ajinku kaɗai, da za a buɗe zukata, da ka tarar ba kai ɗaya ba ne.

Ba hauka ba ce. Mutumin da ya zauna ya rubuta wasiƙa irin taka, tsaf, ya ƙirga watanni, ya san abin da ya canza a jikinsa, hankalinsa na nan daram. Abin da ya gaji shi ne ƙwaƙwalwar, kuma ƙwaƙwalwa gaɓa ce kamar hanta da ƙoda, tana ciwo tana warkewa.

Ban yi mamakin maganin taifot ɗin nan sau biyu ba. Mu Hausawa da jiki muke faɗin ciwon zuciya. Ba ma cewa raina ya ƙuntata, sai mu ce jikina ya mutu, kaina ya yi nauyi, ƙirjina ya cushe, bakina ba ɗanɗano. Mai kemis kuwa in ya ji kasala da ciwon kai da rashin cin abinci, abu biyu ya sani. Ga shi gwajin jinin taifot da aka fi yi a ƙananan wurare yakan nuna akwai ko da babu. Ɗan ƙanena haka aka yi ta yi masa shekarar da yake aji biyu a wata kwaleji: allura, ƙarin ruwa, kafso, kusan wata shida, kuɗi na tafiya yaro na ƙara zubewa. Ni da kaina ina cikin masu ce masa ya daure, ai shi namiji ne. Har yau in na tuna da wannan kalma tawa sai na ji ta a ƙirjina. Ranar da aka kai shi wurin likitan da ya zauna ya saurare shi, ya tambaye shi barcinsa da tunaninsa, ranar aka gane abin da ke damunsa. Ya sha magani, ya koma makaranta, yau yana koyarwa, da matarsa da 'ya'yansa biyu.

Abokin ɗakinka ya ce lalaci ne. Malalaci yana jin daɗin kwanciyarsa, yana cin tuwonsa ya side hannu, in an ce ƙwallo shi ne a gaba. Kai kana kwance kana azabtuwa, abinci ya fita ranka, ƙwallon ma ta fita ranka. Kwasa-kwasan da ka faɗi ma ina ganin ciwon ne ya jawo su, domin yana taɓa riƙe karatu da tattara hankali kai tsaye. Sai faɗuwar ta dawo ta ƙara wa ciwon ƙarfi, ka ji kunyar shiga aji, ka ƙi zuwa, karatu ya ƙara tarar maka, kunya ta ƙaru. Haka abin ke zagayawa har mutum ya wayi gari mako uku bai leƙa lacca ba.

Ka duba kayan da ke kanka mana, ɗana. An tashi garinku. Ƙauyen da za ka koma hutu, ka zauna a gindin bishiyar da ka sani, ka ci tuwon Inna a tsakar gidanku, babu shi yanzu. Wannan rashi ne, kuma rashi yana da zaman makoki, amma kai ba ka samu ka yi naka ba, jarrabawa na jiranka. Duk wanda ya san abin da mutanen Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo suka gani a 'yan shekarun nan ya san akwai ɗalibai da yawa a makarantun garin nan da ke zaune a aji jikinsu kawai, hankalinsu na kan waya, suna tsoron kiran da zai shigo. Ga tsadar rayuwa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci da na handawut duk sun ninka. Ga ɗaliban jami'o'in gwamnati da suka ga yadda yajin aikin malamai ya cinye wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, suka san shekara huɗu a takarda ba lallai ta zama huɗu a ƙasa ba. A kan duk wannan sai aka ɗora maka bijimin Baba.

"Kai na idonmu." Na san da ƙauna yake faɗinta, da alfahari. Dattijo ne da ya rasa gonarsa, in ya duba gaba kai yake hangowa ya ji sanyi. Bai san cewa duk lokacin da ya faɗe ta kai dutse kake ji an aza maka ba. Ɗan fari a boko a gidan talaka yana da wata irin kaɗaici da ba a cika magana a kanta ba: a makaranta yana ganin kowa ya fi shi gata, a gida kuma an ɗauke shi wanda ya riga ya tsira, ba a tsammanin yana da matsala. Ba shi da wurin da zai ajiye kayansa. Ko jaki in aka yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa durƙushewa yake yi, kuma mai hankali rage masa kaya yake yi.

Bari in daɗe kaɗan a kan maganar imani, domin ka ce ita ta fi tsorata ka, kuma na yarda. Ustazun nan bai nufe ka da sharri ba, abin da ke hannunsa ya ba ka, kuma azkar alheri ne, kada ka bari. Amma ya yi kuskure da ya ce raunin imani ne. Harshen da ya daina jin daɗin fura, da zuciyar da ta daina jin daɗin ƙwallo, ita ce dai zuciyar da ta daina jin daɗin sallah. Ciwo ɗaya ne ya dushe su duka. Mai masassara in an ba shi zuma ya ce da ɗaci, ba zumar ce ta lalace ba. Kuma yaron da ba ya jin komai amma duk da haka yake jan jiki ya yi alwala ya fuskanci alƙibla sau biyar, ni ban ga raunin imani a wurinsa ba. Wanda imaninsa ya tafi ai ba ya tsorata don ya rasa ɗanɗanon sallah.

Ka buɗe Suratu Yusuf. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani ne ya faɗa a aya ta 84. Annabi ne ɗan Annabi, wa zai ce imaninsa ne ya yi rauni? Wasu za su ce maka ai cewa ya yi ga Allah kaɗai yake kai kukansa, don haka kai ma ka yi shiru. Su ƙarasa karatun: a aya ta 87 shi ne ya ce wa 'ya'yansa su tafi su nemo labarin Yusufu da ɗan'uwansa, kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Ya kai kuka ga Allah, ya kuma tashi mutane su nema. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekara ta goma bayan aiko Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Yana cikin addu'o'insa neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala. Nana A'isha kuma in an yi rashi takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, a ba masu makoki, ta ce ta ji Manzon Allah yana cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Ka ga ke nan tun a can an san cewa baƙin ciki yana da ƙofa ta jiki, ana kuma shigar masa da magani ta wannan ƙofar.

Malaman Musulunci ba su tsaya nan ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum ya danne shi ba tare da wani dalili a fili ba, ya ce wannan na biyun daga jiki yake kuma yana buƙatar magani. Fiye da shekara dubu ke nan. A nan gida ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin magani, ƙanwarsa Nana Asma'u kuma ta yi marsiyyoyi ta bayyana zafin rashinsa da na mijinta Waziri Giɗaɗo da na aminiyarta A'isha, ba ta ɓoye hawayenta ba. Garin da ya gaji waɗannan mutane bai kamata a ce a cikinsa ne yaro zai ji kunyar cewa zuciyarsa na ciwo ba.

Batun sammu kuwa, ka yi wa kanka tofi da Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu safe da yamma, wannan babu mai hana ka, kuma ba ya karo da zuwa asibiti. Abin da nake gargaɗinka a kai shi ne masu cewa sai an kawo kuɗi kaza, ko a turara maka hayaƙi har ka shiɗe, ko a doke ka wai ana dukan aljani, ko a ce ka zubar da maganin likita. Duk wanda ya ce ka bar maganin asibiti, ka bar wurinsa.

To, ina za ka? Ka fara da asibitin makarantarku, domin shi ya fi kusa, kuma a yawancin manyan makarantu akwai kuɗin inshorar lafiya a cikin abin da ɗalibi ke biya lokacin rajista, ka tambaya ka ji abin da naka ya ƙunsa. Ka nemi ganin likita da kansa. In bakinka ya yi nauyi, buɗe wayarka ka nuna masa wannan wasiƙar da ka aiko mini, ta isa. Kada ka rage komai, har maganar kwanciya kada ka tashi, har ƙwayar da ka sha. In ka ce masa kasala da ciwon kai kawai, za ka sake fitowa da maganin zazzaɓi. Zai iya sa a duba jininka, domin ƙarancin jini da matsalar halittar nan ta maƙogwaro da kan kumbura ta zama maƙoƙo suna iya kawo kasala da ƙunci irin wannan. Zai iya tambayarka ko ka taɓa yin kwanaki kana jin ƙarfi fiye da kima, ba barci, ga yawan magana da kashe kuɗi, domin mai irin wannan maganinsa daban ne. In kana mafarkin harin da aka kai garinku, ko kana firgita da ƙarar babur, wannan ma ka faɗa.

Daga nan za a iya tura ka sashen likitocin ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, kan hanyar Illela. Na san abin da sunan Kware yake nufi a bakin mutanen garin nan, kamar yadda Dawanau take a bakin Kanawa. Yara suna tsokanar juna da shi. Wannan tsokanar ta hana mutane da yawa zuwa inda za su sami sauƙi, kuma abin yana ci mini rai. Mafi yawan masu ciwon damuwa ba a kwantar da su. Mutum ya je da ƙafarsa, ya yanki kati, ya ga likita, ya karɓi magani, ya hau mota ya dawo, a ba shi ranar komawa. Sirrinka kuma amana ne a wuyan likita. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma ta tanadi haƙƙin mai irin wannan lalura na a mutunta shi, a kuma kiyaye sirrinsa.

Magani iri biyu ne, kuma sau da yawa haɗa su ake yi. Akwai zaman tattaunawa da ƙwararre, wanda zai koya maka yadda za ka kama tunanin da ke yi maka ƙarya, irin "na kashe kuɗin Baba a banza," ka auna shi da gaskiya, ka kuma koma harkokinka kaɗan-kaɗan. Akwai kuma ƙwayar magani. Da gangan na ƙi rubuta sunan ko ɗaya, don kada ka je kemis ka saya da kanka. Abin da nake so ka sani shi ne ba ya aiki rana ɗaya. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ka fara jin canji, wani lokaci har shida, kuma a kwanakin farko za ka iya jin tashin zuciya ko jiri ko canjin barci. Nan ne mutane da yawa ke yarwa su ce bai karɓe su ba. Ga matasa 'yan ƙasa da shekara 25, likitoci suna sa ido sosai a makonnin farko, domin wasu tunanin cutar da kai yakan ƙaru musu kafin ya sauka. In ka ji haka, ka koma wurin likita a ranar. In ka warware kuma ba a tsayawa nan take, akan ci gaba aƙalla wata shida don kada ciwon ya dawo, sannan likita ya janye maka shi a hankali. Ba ya bugarwa, ba ya sa mutum ya riƙa neman ƙari.

Wadda ke sa neman ƙari ita ce wadda abokin nan ya ba ka. Ko tiramadol ce ko wata 'yar'uwarta, rance take ba ka: kuzarin awa kaɗan, ta karɓe da riba washegari, ta bar ka cikin ramin da ya fi na jiya zurfi. Tiramadol tana iya sa farfaɗiya, kuma haɗa ta da wasu magungunan damuwa haɗari ne, shi ya sa na ce lallai likita ya sani. Gwamnati ba ta hana maganin tari mai kodin a 2018 don wasa ba, sai da aka ga yadda ya cinye matasan Arewa, maza da mata. Da yawansu ba 'yan iska ba ne, yara ne masu ciwo irin naka da ba su sami mai saurarensu ba. Sau uku ka sha, ka tsaya a ukun nan.

Makaranta kuma kada ka ɓace mata shiru. Yawancin jami'o'inmu suna neman ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na lacca kafin ya zauna jarrabawa, kuma wanda ya ɓace ba takarda faɗuwa ake rubuta masa. Wanda ya kawo takardar likita kuwa lissafinsa daban ne. Ka sami malamin da ke kula da ajinku, ka ce masa ba ka da lafiya kana ganin likita, ka tambaye shi yadda ake shigar da takardar asibiti, da yadda ake jingine zango in abin ya kai ga haka. Jingine zango ɗaya da izini ya fi a kore ka bayan shekara. Kwas biyu kuma ana maimaita su a wuce, dubban masu digiri sun bi ta nan. In kuɗi na cikin abin da ke hana ka barci, ka duba lamunin karatu na NELFUND da aka fara a 2024. Babu ruwa a cikinsa, yana biyan kuɗin makaranta, yana ba ɗalibi naira 20,000 duk wata, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa.

Kafin magani ya kama, ka riƙe 'yan abubuwa ƙanana. In ka yi asuba kada ka koma shimfiɗa, ka fita ka taka ƙasa minti ashirin kafin ranar Sakkwato ta buɗe. Ka sa wani abu a cikinka sau uku ko ba ka so, ko kunu ne ko fura. Ka shiga lacca ɗaya a yini, ka zauna a baya in ka ga dama, ko ba ka fahimci komai ba. Kada ka jira sai ka ji sha'awa, a wannan ciwon ƙafa ce ke gaba, zuciya ta biyo ta daga baya. Abokin ɗakinka ma ka ba shi wannan amsar ya karanta. Ina kyautata zaton rashin sani ne ya sa ya ce lalaci, kuma mai yiwuwa shi ne zai raka ka asibitin.

Saura Inna. Kana ce mata "lahiya lau" don kada ka ƙara mata damuwa, na gane. Amma labarin zuciya a tambayi fuska, uwa kuwa ko a murya tana ji. Ina tabbatar maka ta riga ta san akwai wani abu, tana can tana saƙe-saƙe, wataƙila abin da take zato ya fi gaskiyar muni. Ba sai ka ce mata ciwon ƙwaƙwalwa ba in kana tsoron kalmar za ta firgita ta. Ka ce: "Inna, kwanan nan ba ni jin daɗi. Ba ni barci, ba ni cin abinci, damuwa ta yi mini yawa. Zan ga likita, an ce ciwo na, kuma shina da magani. Ki sa ni addu'a." Ita za ta san yadda za ta shigar wa Baba da maganar, da lokacin da ya dace, ta fi ka sanin mijinta. In kuma kana ganin kawun nan da ya buɗe musu gidansa mai fahimta ne, ka fara da shi. Mutumin da ya ɗauki iyali guda ya raba musu ɗakunansa ba zai kasa ɗaukar maganarka ba.

Baba ya sayar da bijiminsa ne saboda kai, digirin saboda kai yake son sa. In aka ce masa ya zaɓa tsakanin ɗansa ya gama a makare da lafiyarsa, da ya rasa ɗan gaba ɗaya, kai ma ka san ba zai tsaya tunani ba. Wataƙila ranar farko ya yi shiru, ko ya yi faɗa, ko ya ce a nemo malami. Ka ba shi lokaci, shi ma mutum ne da aka raba da gonarsa, yana da nasa ciwon da bai faɗa wa kowa ba.

Yau da dare ka faɗa wa mutum ɗaya. Gobe da safe, in Allah ya kai mu, ka je asibitin makaranta kafin layi ya yi tsawo. In ka fito ka rubuto mini abin da likita ya ce da ranar da ya ba ka ta komawa, ina nan ina duba saƙonni, kuma kana cikin addu'ata. Allah ya ba ka lafiya, ya mayar da su Inna ɗakunansu cikin aminci.

Gwaggonka.